Rasuwar 'Yar Aike, Kwamfutar Gidan Alhaji Bubayero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa ɗan fushi a gefe ba, Alhaji Bubayero, tsohon dillalin shanu a kasuwar Azare, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan zaman zaure, na cikin gari da na Gamawa da Itas da Giyade, da duk ɗan ƙasar Katagum na gida da na waje, rasuwar kwamfutar gidansa, wadda aka fi sani da 'Yar Aike. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, bayan La'asar, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda zai ce ba a faɗin haka a kan na'ura ya je ya tambayi malamai. Alhaji ya tambaya. Ana faɗi a kan kowace asara.

Marigayiyar baƙa ce, mai ɗan tsayi, ba ta da jiki. Ta rasu da ƙuruciyarta, don da mutum ce da yanzu ake shirin sa ta a firamare. Asalinta ba a tabbatar ba. Kwalinta ya ce ƙasar Sin, mai shagon da ya sayar da ita a Kano ya rantse 'yar Jamus ce. Alhaji ya daɗe a kara, ya san yadda ake yi wa saniya asali idan mai saye ya tsaya, saboda haka bai tsananta bincike ba.

Ta shigo gidan ne a makon da uwar Ummi za ta tafi. Uwar Ummi ita ce 'yar farin Alhaji. Ma'aikaciyar jinya ce, aiki ya kai ta Saudiyya, ita da mijinta da 'yarsu Ummi. Ba za a ga sunan uwar Ummin a wannan takarda ba. Alhaji bai taɓa faɗinsa ba. Haka ya tarar da ubansa a rugarsu ta bayan Gamawa, haka uban ya tarar da nasa: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a tsura masa ido, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane. 'Yan zamani sun ce ƙauyanci ne. Alhaji bai nemi ra'ayinsu ba.

Mai ɗakinsa, Hajiya Dijatu, ta riƙe wannan al'ada ita ma, har ranar da aka raka 'yar tasu filin jirgi a Kano. A hanyar dawowa, ba su kai Wudil ba, ta share idonta da gefen mayafi ta ce, "Alhaji, ni tawa kunyar ta hau jirgin nan ta tafi. Kai ka ci gaba da taka."

Ya ci gaba.

Uwar Ummi ce ta sayi marigayiyar ta bari, don a riƙa ganin juna duk Juma'a bayan La'asar, ranar da ba ta zuwa asibiti. Wanda ya haɗa ta shi ne Okwudili, mai gyaran na'urori a bakin tasha, Ibo haifaffen Azare, wanda ya fi wasu 'yan gari Hausa kuma ya fi su surutu. Ya ɗora gilashin a tebur, ya ajiye akwatin a ƙasansa, ya maƙala mata ido ɗaya a goshi, ya koya wa Hajiya inda za ta danna.

A nan akwai abin da Alhaji yake so jama'a su fahimta, don an sha yi masa fassara a zaure. Bai taɓa shiga ɗakin nan don ya ga kowa ba. Gadi yake yi. Na'ura irin wannan ba a barin ta ita kaɗai da mai danne-danne. Kujerarsa tana gefe, tana fuskantar taga, carbinsa a hannu. Idan yana da magana, ga na'urar yake faɗa.

"Ke 'Yar Aike, ki gaya wa mutanen can an ce zafin ƙasar ya yi yawa bana. A riƙa shan ruwa."

Sai murya ta fito ta sifika: "'Yar Aike, ki gaya wa Baffa an ji. Ki tambaye shi ƙafar tasa."

"Ki ce ƙafa tana nan inda aka bar ta."

"Ki ce masa Hajiya ta ce ba ya shan maganin."

"Ki ce Hajiya ba likita ba ce."

Haka ta samo sunanta. Alhaji ya yi aiki da 'yan aike na mutane iri-iri. Wani ka aike shi da magana ya dawo da biyu. Wani ya tsaya shan shayi a hanya. Marigayiyar ba ta taɓa ƙara gishiri a saƙo ba, ba ta taɓa ragewa ba, kuma abin da aka faɗa a gabanta ba a taɓa jin sa a bakin rijiya ba.

Ummi kuwa jika ce, babu kunya tsakaninsu. Takan cika gilashin da fuskarta ta ce, "Tsoho, har yanzu haƙoran ba su fito ba? To na fasa auren."

"Dama wa ya ce yana so? Yarinya ko damun fura ba ta iya ba. Matsa gefe, kin cika wa na'ura ido."

Sai ta matsa. Wadda take bayanta ta fito a gilashin. Alhaji taga yake kallo. Amma tagar gidan ta gilas ce, kuma da yamma takan ɗauko hoton abin da ke cikin ɗaki. Wannan aikin magini ne, ba na Alhaji ba.

Marigayiyar mai ladabi ce. Idan aka tashe ta takan yi wata 'yar gaisuwa, tilin-lin-lin, sannan ta yi shiru ta jira a ba ta aiki. Ta nuna wa Hajiya ɗawafi yana gudana. Ta taɓa nuna wa Alhaji wata saniyar Turawa mai hantsa kamar randa, wai ita kaɗai tana cika bokiti. Alhaji ya ce ƙarya ce. Amma bai riƙe ta da laifi ba, abin da aka ba ta ta kawo. Ba ta da kwaɗayi. Abu ɗaya take so a duniya, kuma ba ta taɓa roƙa ba, Alhaji ne ya gano da kansa.

Wata Juma'a Hajiya ta shigo da kasko tana turara ɗaki. Hajiya jikar Barebari ce ta wajen uwa, turarenta ba irin na kasuwa ba ne. Da kanta take haɗawa, da sandal da kajiji da sukari da mayukan ƙamshi, ta dafa shi har ya yi danƙo. Ta ajiye kaskon a ƙasa ta juya. Alhaji yana kallo, sai ya ga hayaƙin bai tashi sama ba. Ya karkata, ya yi layi, ya bi ta wasu 'yan ramuka ya shige cikin akwatin. Ya matsar da kaskon. Hayaƙin ya sake bin ta. Ya kara hannu, ya ji tana zuƙa.

Wanda ya tashi a garke ya san wannan. Dabbar da ta miƙa wuya wajen kanwa, kanwa take so. Tun daga ranar Alhaji ya kafa doka: duk Juma'a, kafin lokacin kira, a sa mata kasko a ƙarƙashin tebur, daidai inda take zuƙa, a rufe ƙofa da taga har ta ƙoshi.

Hajiya ta ce, "Alhaji, ƙamshi fa ba ya bin waya. Waɗanda kake turara wa ɗakin ba za su ji ba."

"Ba don kowa ba ne. Don na'ura ne."

"To. Sabuwar hular ma don na'ura ce?"

Alhaji ya gyara zaman hular. Ba kowace magana ake amsawa ba.

Ciwon ya faro ne a hankali, wajen damina ta bara. Da fari zazzaɓi ne. Alhaji ya taɓa bayanta ya ji zafi kamar murfin tukunya. Sai numfashinta ya canja. Da can fuuu take yi, siriri, kamar barcin jariri. Ya koma guuur, daga baya ƙirrr-ƙirrr, kamar an sa tsakuwa a gwangwani. Sannan ta fara suma. Ana cikin magana sai gilashin ya yi baƙi, ta yi ɗit, ta farfaɗo da kanta, ta yi gaisuwarta tilin-lin-lin kamar yanzu ta ga mutane. Ko a cikin ciwo ba ta bar gaisuwa ba. Wani lokaci fuskarta takan rikiɗe ta yi shuɗi kamar an tsoma ta a baba, da rubutun Turanci birjik. Hajiya ta ce bayani take yi. Alhaji ya ce mara lafiya ba a matsa masa sai an gane abin da yake faɗa.

Akwai kuma ciwon ƙaninta, wani ɗan akwatin sabis mai fitilu, wanda ta hanyarsa take samun intanet. Yaron nan bai da tabbas. In ya yi kore, magana ta tafi. In ya yi ja, sai a zauna ana kallon wani abu yana zagaye a gilashi kamar akuya a turke. An kai shi taga. An ɗora shi a kan katanga. A ƙarshe Alhaji ya sa aka ɗaure shi a gora, aka jingina da bishiyar dogon yaro ta tsakar gida, aka kifa masa kwanon sha saboda ruwa. Ya ɗan gyaru. Da hadari ya taso daga gabas, ya koma halinsa.

Idan sabis ya yi rauni, hoton yakan daskare. Magana ta tsaya, mutumin da ke gilashi ya tsaya cak, ko ƙiftawa babu. Hajiya takan tashi tana faɗa, ta fita tsakar gida ta juya gora. Alhaji bai taɓa ganin wannan a matsayin babban ciwo ba. Hoto ba mutum ba ne, ba ya ganin mai kallonsa, kuma babu al'adar da ta hana kallon hoto. Yakan juyo da kujera don ya duba lafiyar gilashin. A irin wannan dubawa ne ya lura mutanen can sun rame a wuya, kuma furfura ɗaya ta leƙo ta gefen ɗankwali. Da Hajiya ta gyaro gorar, yakan mayar da kujerarsa.

Wata rana ya ce, "'Yar Aike, ki ce a riƙa cin abinci."

Hajiya ta dube shi. "A taga ka gani?"

Jinya kam an yi, kada wani ya ce an yi sakaci. Malam Saleh, maƙwabcin Alhaji, tsohon malamin dabbobi, ya zo dubiya. Ya kara kunne a jikinta, ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa.

"Alhaji, wannan cutar da ake cewa bairos ce. Kuma ana ɗauka."

"Ta sauro ce ko ta ƙuda?"

"Ta iska ce. Ka ware ta."

Aka fitar da rediyo da talabijin daga ɗakin a ranar. Kuma tun da abin da ke bin iska hayaƙi ne maganinsa, kamar yadda ake yi wa garke da damina, Alhaji ya mayar da kaskon kullum, safe da yamma. Da ya ga tana karkarwa, tebur har yana amsawa, ya ɗauko bargonsa na Makka ya lulluɓe akwatin. Bargon da ko baƙo ba a ba.

An kira Okwudili a waya. Ya ce, "Baba, kashe ta ka sake kunnawa."

"Wannan ai ita ma ta iya. Shi ne ciwon."

"To tana samun iska kuwa?"

"Tana samun abin da ya fi iska."

Okwudili ya yi dariya bai tambayi ko mene ne ba. Wannan sakacinsa ne, kuma an rubuta shi a nan don ya sani. Ya ce a kawo ta shago. Alhaji ya ƙi. Okwudili yaro ne mai kirki, amma in ya ce gobe, a sa ran wani mako, kuma kowane mako akwai Juma'a a cikinsa. Ba don Juma'ar ba dai. Hanyar tasha ce ba ta da kyau ga mara lafiya.

Ranar da za ta cika ta tashi da sauƙi, irin sauƙin da masu jinya suka sani. Ta yi gaisuwa. Ƙanin ya yi kore. Hoto ya fito tas, har ana ganin zanen labulen can. Ummi ta yi tsiyarta ta matsa. Aka gaisa da Hajiya, aka yi zancen wata haihuwa da wani biki. Sai muryar ta ɗan sauka.

"'Yar Aike, ki gaya wa Baffa ya saurara da kyau. In Allah ya yarda, bayan Babbar Sallah mu…"

Ƙirrr. Ƙirrr. Ɗas.

Gilashin ya yi baƙi. Aka jira ɗit, ba ta yi ba. Wani ɗan hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin bargon, wannan karon daga ciki zuwa waje. Alhaji ya tashi. Ya yaye bargon, ya danna maɓallin da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya sake dannawa. Ya girgiza ta. Ya kira sunanta da ƙarfi. Hajiya tana yaɗawa wai sunan da ta ji ya fara fita daga bakinsa ba na na'ura ba ne. Hajiya kunnenta ya fara nauyi, jama'a su yi mata uzuri.

Washegari Okwudili ya zo da jakarsa. Da ya fara kwance murfin, Alhaji ya kau da kai, don ba a kallon tsiraicin mamaci. Murfin na buɗewa ɗaki ya gauraye da ƙamshi, har Malam Saleh ya leƙo ta katanga yana tambaya ko ɗaurin aure ake. Okwudili ya leƙa ciki. Ya sa sukundireba ya laƙato wani abu baƙi mai danƙo kamar kwalta. Ya taɓa 'yar fankar da ke ciki, ba ta motsa ba, ta kafe a cikinsa.

"Baba, tun ina yaro nake buɗe kwamfuta. Na ga wadda kyankyasai suka kashe, na ga wadda aka zuba wa koko. Ban taɓa ganin wadda ta mutu tana ƙamshin amarya ba."

"Ita ta nema."

"Baba, ba so take ba. Fanka ce. Iska take ja ta huce. Ko barkono ka ƙona a nan sai ta ja."

"Barkono ba a ba ta ba. Abu mai kyau aka ba ta."

"Da bargo kuma?"

"Na Makka ne."

Okwudili ya dubi Hajiya. Hajiya ta dubi silin. Ya ce ƙwaƙwalwar ta ƙone, gyaranta ya fi sabuwa wahala, ya yi wa Alhaji gaisuwa yadda ya kamata, ya roƙi Hajiya ɗan turaren ya kai wa matarsa.

Iyali ba su karɓi bayanin Okwudili ba. Alhaji bai taɓa jin wanda ƙamshi ya kashe ba. Akwai masu wuta, da suke kawo ta kamar ana korar su, su ɗauke kamar sun tuna bashi. Akwai masu sabis. Akwai bairos ɗin Malam Saleh, wanda har yau ba a ga gawarsa ba. Amma Alhaji ba zai kai ƙarar kowa ba. Kwana ne ya ƙare.

Abin da ya rage shi ne saƙon. Marigayiyar ba ta taɓa barin aike a hanya ba sai wannan. A daren aka kira Hajiya a wayarta, ta shige ɗaki ta daɗe, ta fito tana murmushi tana gyara ɗauri. Alhaji ya bari har aka ci tuwo.

"Me aka ce bayan Babbar Sallah?"

"Wa ya ce?"

"Mutanen can."

"Mutanen can suna da yawa, Alhaji. Saudiyya ce fa."

"Dijatu."

"Yauwa, ka faɗa da bakinka. Dijatu sunana, ba 'Yar Aike ba. Ga waya. Ko ka karɓa ka tambaya, ko ka jira Sallar ka gani."

Waya ba ɗan aike ba ce. Ba ta da gefen da mutum zai zauna. Wanda ya riƙe ta a hannu ya kai ta fuska, shi ya yi magana, kuma da wanda ke ciki ya yi. Hajiya ta san haka, shi ya sa ta miƙo. Alhaji ba wai ya damu ba ne. Amma ɗakin baƙi yana yoyo ta kusurwa, kuma akwai wani ɗan bijimi da aka yi masa tayi mai kyau. Mutum yana buƙatar ya sani ko ya kira mai kwano, ko ya sallama dabba ko ya riƙe ta. In zuwa ne, an daɗe ba a zo ba. In kuma ƙarin shekaru aka yi musu a can, shi ma gara a sani. Tun ranar Alhaji ba ya gama kwanon furarsa. Zafi ne.

Marigayiyar ta rasu ta bar gilashi, wanda yake nan lafiya amma ba ya ganin komai sai mai kallonsa. Ta bar allon dannawa da linzami, marayu, da tagwayen sifiku waɗanda ba su ce uffan ba tun ranar. Ta bar ido ɗaya. Ta bar ƙaninta a kan gora, kuma abin takaici, tun da ta rasu kore yake yi dare da rana. Alhaji ya lura. Ta kuma bar Hajiya Dijatu, wadda ba ta nuna alhinin da ya kamata ba, da Malam Saleh, da shi Alhaji, wanda ya rasa abin gadi.

Game da jana'iza. Liman ya ce ba a yi mata salla, kuma kada a ce Allah ya jiƙanta. Ba a ce ba. Za a goge ta, a mayar da ita kwalinta da ta zo da shi, wanda Alhaji ya adana, a ɗora ta a saman kabad ɗin ɗakinsa ranar Alhamis da hantsi. 'Yan gwangwan da suka fara zagaye ƙofar gida da kurarsu su kama gabansu. Ba za a auna ta a sikeli ba. Okwudili ya nemi wasu sassan jikinta don a taimaki wata mara lafiya a shagonsa. An ba shi wayoyin baya. Ciki kuwa a bar mata abinta.

Surukin Alhaji ya aiko cewa zai sa a kawo sabuwa daga Kano. An gode. Ba a zancen sabuwa gawa tana kwance. Kuma Hajiya ta riga ta rantse in wata ta shigo ba za ta danna ba, wai ta gaji da auren mai magana da akwati. Za a duba wannan daga baya.

Za a karɓi gaisuwa a zauren Alhaji, bayan Azahar. Akwai tabarma, akwai ruwa. Wanda ya zo ya yi addu'a ya tashi. Wanda ya zo da bayani a kan fanka ya ajiye shi a waje tare da takalminsa.

Saura na nesa. Alhaji ya sami liman a kan wannan, ya kuma sake tambayar Malam Saleh don a sami shaida. Duka sun ce abu ɗaya. Ta'aziyya haƙƙi ce. Wanda aka yi wa rashi ba ya ƙin karɓar gaisuwa, ko daga wa ta fito, babba ko yaro, na fari ko na ƙarshe. Kuma ba a karɓar ta ta bakin wani. Wanda aka yi wa rashin shi ke amsawa, da bakinsa. Ko a ruga haka ake yi. Alhaji bai ƙirƙiro ba, kuma ba shi da yadda zai yi.

Saboda haka, duk wanda yake wata ƙasa, yake kuma da alaƙa da marigayiyar, musamman wanda kuɗinsa ya saye ta, ya sani ranar Juma'a bayan La'asar Alhaji zai kasance a ɗakin da aka yi rasuwar. Wayar Hajiya za ta kasance da caji. Idan ta yi ƙara aka ce gaisuwar mutuwa ce, zai karɓa da hannunsa. Za a ce masa ya haƙuri, zai ce da godiya. In bayan nan mai gaisuwa yana da wata magana da ta yanke a hanya, ya ƙarasa ta. A zaman makoki ana taɓa zancen duniya, ba laifi ba ne.

An tambayi Alhaji ranar tashi daga zaman. Bai sa rana ba. Rashin babba ne. Masu gaisuwar zaure su gama nasu cikin makon nan. Na nesa kuwa, Juma'a mai zuwa ma ana karɓa, da ta bayanta, har sai Alhaji ya ji ya haƙura, kuma shi mutum ne mai wuyar haƙuri.

Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in ya iya, ya ɗauki hotonta ya tura inda ya kamata. Ya ƙara da cewa kada a gajarta gaisuwar. Alhaji ba ya sauri.

Sanarwa daga Alhaji Bubayero, Azare, a madadin iyali.